Takarda ko waya: ina sabon marubucin karkara zai fara kai littafinsa?

Bayan an gama yankan riɗi bara, 'yar wana ta shigo zaure da yamma ɗauke da littattafan rubutu guda huɗu, irin waɗanda ɗalibai ke saye, ta ɗaure su da ƙyallen atamfa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tura su gabana ta ce, "Baffa, na gama. To buga shi zan yi kamar yadda ka yi, ko in sa shi a waya kamar yadda ƙawayena suke yi?" Na ce ta bar mini su zuwa jibi. A dare biyu na karance su tas. Labarin wata yarinya ne da aka ɗauka daga ƙauye aka kai ta aikatau birnin Kano, kuma tun a shafukan farko na gane hannun yarinyar nan yana da albarka.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a ƙasar Gumel. Na buga littafi a takarda sau biyu, na kuma saki ɗaya a waya, don haka kowace hanya na san ƙayarta. Tambayar 'yar nan ita ce tambayar matasa da yawa a Ringim da Kazaure da Gwarzo da Sumaila da Birnin Kudu, masu rubutu a ɗaki ba tare da wani na kusa da zai nuna musu hanya ba. Saboda su nake rubuta wannan.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a fara kawarwa. Kamfanin wallafa daban, maɗaba'a daban. Kamfanin wallafa shi ne wanda zai karɓi rubutunka, ya tace, ya buga da kuɗinsa, ya sayar, sannan ya riƙa ba ka kasonka. Da irin wannan tsari ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara: gasar 1933 da Hukumar Fassara ta shirya ƙarƙashin Rupert East, wadda cikin waɗanda aka buga labaransu har da Malam Muhammadu Gwarzo. Daga baya aka kafa kamfanin wallafa na Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) a Zariya a 1966. Amma da marubuta suka yi yawa a shekarun 1980, kamfanoni kuma hankalinsu ya fi karkata ga littattafan makaranta, sai mutane suka fara kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu. Abin da aka sa wa suna Adabin Kasuwar Kano ke nan. Maɗaba'a ba ruwanta da kyan labarinka ko muninsa. Abin da ka kawo shi za ta buga, ka biya, ka kwashi kayanka. Saboda haka in sabon marubuci ya ce zai buga littafi a yau, kusan kullum yana nufin kuɗinsa ne zai fita.

Ga yadda kuɗin ke fita. Za a buga rubutun a kwamfuta, a gyara, a tsara shafuka, a zana bango. Babban injin bugu yana aiki da faranti, kuma babbar takarda ɗaya ake bugawa a ninke ta ta ba da shafuka da yawa, galibi 16 a girman littafin labari. Shi ya sa mai maɗaba'a zai ce maka ka kai littafin shafi 96 ko 112 ko 128. In ka tsaya a 100, ka biya kuɗin shafukan da za su fito fayau. Kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi 200 za ka buga ko 2,000, don haka yawan kwafi ke karya farashin kowane ɗaya. Tarkon ke nan: za a nuna maka cewa 1,000 ya fi araha, kuma gaskiya ne a lissafin takarda, amma ba a tambaye ka wa zai saya ba. Takardar kanta mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 tsadarta ta wuce yadda muka saba.

Mu yi lissafin misali kawai. A ce kwafi 500 sun ci maka naira 400,000, wato kowane ɗaya 800. Ka sa masa 1,500. Dillali ba zai karɓa a 1,500 ba, dole ka rage masa ya samu nasa, kuma yawanci bashi zai karɓa, sai ya sayar ya biya. Kai kuma kana ƙauye. Duk zuwa Kano karɓar kuɗi akwai kuɗin mota zuwa da dawowa da na abinci, wani lokacin ka tarar kwafi shida aka sayar. Ribar kwafi shida ba ta biyan motar Gumel zuwa Kano. Sauran katan-katan kuma suna jibge a ɗaki, damina ta zo da laima, gara ta biyo ta ƙasa. Duk wanda zai ajiye littafi a ɗakin ƙasa ya ɗora shi a kan benci, nesa da bango, ya kuma riƙa dubawa.

Abin da ya fi ci mini rai a bugun farko ba asarar kuɗi ba ce. Na kai aikin wata maɗaba'a, ban tsaya na duba gwajin ƙarshe ba saboda ina sauri in samu motar gida. Da na buɗe katan bayan mako uku, sai na ga kwamfutarsu ba ta gane baƙaƙe masu lanƙwasa ba, wanda ya tsara shafukan kuma ya mayar da kowane ƙ ya zama k, kowane ɗ ya zama d, kowane ɓ ya zama b. Inda na rubuta "baƙi sun cika gidan" ya koma "baki sun cika gidan". Inda ƙura ta tashi a bayan mota, kura ce ta tashi. Kwafi 500, kuma ni da nake koyar da ƙa'idojin rubutu a aji. Na yi kwanaki ban iya buɗe littafin ba. Kada ka yarda a kunna inji sai ka riƙe gwajin a hannunka, ka bi shi shafi-shafi, ka sa hannu, ko da zai sa ka kwana a Kano.

Akwai kuma 'yan takardu. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta, kuma doka ta ce mai wallafa mai zaman kansa ya ajiye kwafi uku a can. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma huruminta ya shafi littattafai. Wanda zai kai kayansa kasuwar Kano ya fara zuwa ya ji ƙa'idarsu.

Duk da wannan wahala, takarda tana da abin da waya ba za ta ba ka ba. Ba ta neman caji, ba ta neman data. Littafi ɗaya zai zaga gidaje goma a unguwa, daga hannun amarya zuwa na uwargida zuwa na 'yar makaranta, har bangonsa ya yage a liƙe shi da salatif. Shi ne ake ajiyewa a laburare, shi ɗalibin Jami'ar Bayero ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ko Kwalejin Ilimi ta Gumel zai iya ɗauka ya yi nazari a kai, ya ambaci shafi da shekara. Kuma a garuruwanmu, inda ake mayar da kuɗin bugu ba kasuwa ba ce, taron ƙaddamarwa ne: hakimi ko wakilinsa, shugaban makaranta, 'yan kasuwar gari, abokan aiki, kowa ya sayi kwafi da abin da ya sawwaƙa. In za ka yi, ka sa shi bayan kaka, lokacin da kuɗin riɗi da gyaɗa da zoɓo ke hannun mutane. Ranar da mahaifina ya riƙe littafina na biyu yana juya shi, ya sa aka karanta masa sunan gidanmu a bango, ban taɓa samun irinta daga waya ba.

To, ita wayar fa? Jarinta kaɗan ne: waya, data, da kuɗin caji a shagon mai sola in babu wuta. Tsarin da aka saba shi ne marubuciya ta saki shafukan farko kyauta a zaurukan WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, in labarin ya kama mutane sai ta ce daga nan na kuɗi ne. Mai so ya tura kuɗi ta banki ko ta wurin mai POS, a sa shi a zaure na musamman. Zauren WhatsApp ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024. A misali, in mutum 100 suka biya naira 500, an samu 50,000 ba tare da faranti ko katan ko motar Kano ba. Kuma masu karatun ba su tsaya a jiharku ba. Daga ɗakinki a ƙauyen Maigatari za ki samu mai karatu a Damagaram da Kumasi da Jidda, wuraren da littafin takarda zai yi shekaru bai kai ba. Ga matar aure da ba ta fita kasuwa, wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce.

Ramin wannan hanya shi ne fitar da littafi. Mutum ɗaya cikin waɗanda suka biya ya isa ya kwafe shafukan, ya haɗa su wuri guda, ya watsa. Kafin ki kai ƙarshen labari, farkonsa yana yawo kyauta, wani lokaci an cire sunanki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, ba sai an yi rajista ba, kuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Sai dai bin sawun wanda ya fara turawa a cikin dubban wayoyi aiki ne da ya fi ƙarfin mai zama a ƙauye. Abin da yake hannunki shi ne ki sa sunanki a cikin kowane shafi, ki ajiye rubutun hannunki na asali, kuma ki sani cewa yawancin kuɗin littafin waya a makonnin farko ake samun su. Kada kuma ki dogara da dandali ɗaya a matsayin rumbu. OkadaBooks, inda marubutan Najeriya da yawa suka sa littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Waya ma tana faɗawa rijiya, ana sace ta a kasuwa. Duk babin da aka gama a tura shi imel a ranar.

Amma duk wannan lissafin kuɗi ne, kuma ba shi ne ya fi damuna ba. Abin da na fi so 'yar wana ta gane shi ne hanyar da ka zaɓa tana shiga cikin rubutun kansa ta canza shi.

Mai sakin labari kullum, yana rubuta na gobe a daren yau, ya sayar da 'yancinsa na komawa baya. Labari kuwa sai ka kai ƙarshensa kake sanin abin da farkonsa yake bukata. A rubutun 'yar nan akwai wata gwaggo da ta ɓullo a littafi na uku, ita ce ta je Kano ta ƙwato yarinyar daga gidan aikatau. Mace ce mai ƙarfi, na so ta ƙwarai, amma daga sama ta faɗo, babu wanda ya taɓa ambatonta. Na ce mata, "Wannan gwaggon, ki kai ta babi na biyu. Ranar da za a tafi da yarinyar, a gan ta a bakin ƙofa ta ƙi yin sallama da dillaliyar. Layi uku sun isa. In ta dawo a ƙarshe, mai karatu zai ce dama na san za ta zo." Wannan gyara na minti goma ne a takardar da ba a saki ba. Da ta riga ta tura babi na biyu ga mutum 300, shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe.

Sannan akwai masu sharhi. Daɗinsu ba ya misaltuwa. Ka tura shafi da daddare, da asuba ka tarar mutane suna faɗa a kan tauraruwarka kamar 'yar gidansu ce. Daga gare su na koyi inda labarina yake yin sanyi, domin ranar da shafi bai yi armashi ba shiru za ka ji. Wannan makaranta ce da mai takarda ba ya samu. Amma su ɗin ne kuma za su ce kada a kashe wane, a aura wa wance wane, a ƙara wa kishiya mugunta. In ba ka riƙe jigonka da kyau ba, sai ka wayi gari kana rubuta labarin da zaure yake so, naka ya ɓace. Kuma da yake tsawon labari ne ke riƙe mutane a zaure, sai a fara jan sa: a yi shafi guda ana kwatanta kayan ɗaki, wani shafin ana lissafa abincin da aka jera. Daga nan wasu ke gangarawa batsa don a yi ta tururuwa. Kuɗin yana zuwa da wuri, amma sunan da aka ɓata a garin da kowa ya san gidan ubanka ba ya gyaruwa da wuri.

Takarda akasin haka take koyarwa. Da yake kowane shafi 16 kuɗi ne, dole ka tambayi kowace jimla aikin da take yi. Illarta kaɗaici: kana iya shekara biyu a kan kuskuren da mai karatu ɗaya zai nuna maka a dare ɗaya.

Wani abu da na lura da shi a rubutun waya shi ne gudun ƙauye. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Dutse ba sai ta kafa labarinta a Abuja ko Dubai, gidan bene da motoci, saboda ta ga shi ake yayi. Sai labarin ya fito ba ƙamshi, don ba ta san wurin ba. Alhali abin da ta sani babu mai shi sai ita: yadda ake rabon gado a kan gona ɗaya tsakanin 'yan uba, ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ambaliyar da ke cin shinkafa a fadamar Haɗeja, matar da mijinta ya tafi cirani tun bayan kaka ba aike. Mafi kyawun wuri a littattafan nan huɗu shi ne inda uwar yarinyar, a daren da aka tafi da 'yarta, ta zauna tana tsince wake da ta riga ta tsince tun la'asar. Ba a ce ta yi baƙin ciki ba, ba a ce hawaye sun wanke mata fuska ba. Na ce wa 'yar wana, duk inda kika rubuta "ranta ya yi mummunan ɓaci", ki koma ki nemo waken wurin.

Ƙa'idar rubutu kuwa ba ta da zaɓi, ko takarda ko waya. "Ba ta zo ba" daban da "bata", "da shi" kalma biyu ce, "yana" kalma ɗaya. A waya ana iya sa allon rubutu na Hausa a Gboard, baƙaƙe masu lanƙwasa suna nan. Bayanin mai ba da labari ya tsaya a daidaitacciyar Hausa, amma bakin taurari a bar shi da karin harshensu. In tsohuwar Bahaɗejiya ce, ta yi maganarta ta gida. Hanyar gwada zance kuma ita ce karanta shi da ƙarfi. A karanta wa kaka ko inna, duk inda ta ce "wa ke magana haka?" a goge.

Akwai ƙananan hanyoyi biyu da ke gefe. Ɗaya karatun littafi da murya, a rediyo ko YouTube, wanda ke kai labari ga waɗanda ba su yi boko ba, su saurara suna surfe ko suna saƙar hula. Buɗe tasha taka yana son haƙuri, don YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara. In kuwa wata tasha za ka ba wa, a rubuta yarjejeniya, a faɗi kuɗi da tsawon lokaci, da shaidu. Ɗayar kuma gasa. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin gajerun labaran mata, ba ta cin kuɗin shiga, kuma iyakar kalmominta horo ne mai kyau ga mai son jan zance.

To wa ya dace da wace? Wanda yake da albashi ko amfanin gona da zai iya rasa kuɗin bugu ba tare da gidansa ya ji ba, yana da jama'ar da za su zo ƙaddamarwa, kuma burinsa littafin ya shiga makarantu, takarda ta dace da shi. Ko shi ma ba sai ya fara da 500 ba. Akwai injinan da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta ba faranti. Kowane kwafi ya fi tsada, amma kana iya buga 30 ko 50 ka gwada ruwa. Wanda kuwa ba shi da jari, ba a san shi ba tukuna, musamman mace da fita ke mata wuya, ya fara da waya. Kada a sayar da akuya ko a ci bashi don littafin farko. Sharaɗina ɗaya ne, kuma a kansa ba na sassautawa: a gama littafin, a ajiye shi wata guda, a sake karanta shi, a ba mutum biyu masu faɗin gaskiya su duba, sannan a fara sakin shafin farko. In ya so a riƙa turawa kullum kamar yadda aka saba, amma daga rumbun da ya riga ya cika.

Haka muka yi da 'yar wana. Ta koma ta kai gwaggon babi na biyu, ta zubar da kusan shafi ashirin na bikin da ba ya ƙara wa labarin komai, ko da yake sai da muka yi kwana biyu tana roƙon a bar mata shi. Yanzu tana kwafe littafi na uku a waya, babi ɗaya a kwana biyu. A gidansu sabis ba ya kamawa sosai, don haka duk Juma'a ƙaninta yake kai wayar bakin titi ya tura abin da aka gama zuwa imel ɗina da nata. Malamar Hausa ta makarantar 'yan mata ta karɓi rabin farko tana dubawa da jan biro. Mun sa ranar fara saki bayan ƙaramar salla, kuma abin da ya shigo daga zaure za a ajiye shi a asusu, a buga kwafi 50 da shi in kaka ta zo.